Giya Ɗaya ta Baba Masinja

Shekara ashirin da biyu Baba Masinja ya yi a kamfanin awon filaye da zanen gine-gine, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa shigowa ta ƙofar gaba ba. Ba wanda ya hana shi. Ta bayan ce ta fi kusa da ƙarƙashin matakala, inda bencinsa yake, inda kuma yake jingine kekensa tsakanin mataccen janareta da bokitan mai shara. Sakatariya kan leƙo ta taga ta miƙo masa naɗaɗɗun takardun zane, ya zura su cikin wani guntun bututun roba, ya ɗaure a kariyar bayan keke, ya fita. Ofishin filaye, banki, wajen lauya, ya dawo da hatimi da sa hannu. Irin mutanen nan ne da ba a sanin amfaninsu sai ranar da ba su zo ba, shi kuma bai taɓa fashi ba.

Keken nasa ya girmi rabin ma'aikatan kamfanin. Giya goma gare shi a lissafi, uku ke shiga, sauran bakwai sun daɗe da yin ritaya. Yana da kariya, da ƙararrawa, da fitilar da ba ta kamawa, da marfin taya gaba da baya mai tare caɓi, da madubi ɗaya da aka ɗaure da waya. Ba kyau, amma ba ya kwana a hanya.

Da Tsohon Maigida ya gaji ya koma gida jinyar ƙafa, ɗansa ya dawo daga karatu ya hau kujerar. A bayan idonsa ma'aikata Ɗan Gado suke ce masa, a gabansa kuwa Yallaɓai. Mota biyu gare shi, amma a keke yake zuwa aiki, wani siriri da shi, ba giya, ba birki, ba kariya, ko ƙararrawa babu. Idan ya iso sai ya saɓa shi a kafaɗa ya hau sama da shi har cikin ofishinsa. Direba, wanda tun zuwan keken nan aikinsa ya koma wanke motar da ba ta fita, ya rantse cewa kuɗinsa ya fi na sabon babur. Ashe idan mai kuɗi zai sayi rashi, da tsada yake sayensa.

Wata huɗu da hawansa sai magana ta fito cewa ƙarshen wata za a sallami mutum uku. Sakatariya ce kaɗai ta ga sunayen, ita kuwa bakinta alaikum. Nan da nan kamfani ya cika da 'yan kwaikwayo. Akawu ya daina zuba sukari a shayi, yana kurɓa yana yamutsa fuska yana cewa ai haka ya fi lafiya. Kashiya, mai gashi uku a haɓa, ya fara tara gemu. Mai zane ya koma sa takalmi ba safa, duk ofis aka shiga uku da wari.

Baba Masinja ya ji tsoro, tsoro na gaske. Shekararsa hamsin da bakwai. Autarsa saura shekara ɗaya ta gama makarantar koyon jinya. In ban da kai saƙo ba abin da ya iya, kuma ba a ɗaukar mai furfura sabon aiki. Shayinsa ma dama ba sukari, ba wanda ya taɓa yaba masa.

Ran wata Litinin mai shara ta jiƙa matakalar gaba, sai Ɗan Gado ya sauko ta baya, Akawu na biye da shi riƙe da fayil. Masinja yana cikin ɗakin ajiya yana cika buta, ƙofa a sakaye. Ya ji takun ya tsaya. Ta tsagar ƙofa ya ga Ɗan Gado ya sunkuya yana ƙwanƙwasa jikin keken da farce.

"Kai! Ƙarfen da," in ji Ɗan Gado. "Yanzu ba a yin irinsa. Dubi tarkacen da aka rataya masa don Allah. Da za a tuɓe shi a bar shi da giya ɗaya, da ya fi nawa kyau."

"Ƙwarai, Yallaɓai," in ji Akawu, wanda bai taɓa kallon keken sau biyu ba. "Abin da nake faɗa ke nan kullum."

Suka wuce. Ɗan Gado bai tambayi ko keken na wane ne ba, Masinja kuma bai lura da hakan ba, domin a lokacin buta ta cika tana zuba a kan ƙafarsa, zuciyarsa kuma ta cika da murna. Ya samu abin da ya fi gemun Kashiya.

Da ya faɗa wa matarsa shirinsa na tuɓe keken da yamma, tana tsintar wake a faranti, ba ta ko ɗago kai ba.

"Shi ya ce maka ka yi?"

"Manya ba sa cewa yi. Nuni suke yi."

"Malam, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Yaron nan gwiwarsa sabuwa ce, taka kuwa ni ke gasa ta da ruwan zafi."

"Ke ba ki san ofis ba."

"Ban san ofis ba, amma na san keken nan. Shi ke ciyar da mu. Ka taɓa shi, ka taɓa tukunya."

Mai rabon shan duka ba ya jin bari. Kashegari ya biya wajen mai gyaran keke na bakin kasuwa. Mutumin ya saurare shi, ya lissafo masa sabuwar tayar baya, da haƙori ɗaya na musamman, da zoben da ke kulle shi, da sarƙa mai kauri. Kuɗin ya wuce albashin wata. Sannan ya dubi furfurarsa ya ce, "Baba, tsakani da Allah, wa ka yi wa laifi?"

Sai ya tuna da ƙanin matarsa.

Ƙanin matar nan mai walda ne, ƙofofi da tagogi yake yi a wata rumfar kwano bayan tashar mota. Ba-Matsala ake ce masa, domin tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa kawo masa aikin da ya ce bai iya ba. Ya taɓa gyara wa wata mata injin markaɗe ya koma ba ya kashuwa sai an cire filogi. Ran Asabar da hantsi Masinja ya tura keken cikin rumfar, ya yi bayani. Ba-Matsala ya ciro wayarsa mai fasasshen gilashi, ya nemo bidiyon wani mutum yana irin wannan aikin, ya kalli rabin minti, ya mayar aljihu.

"Na gane. Ba matsala. Yaya, waɗannan mutanen son kashe kuɗi ne kawai. Ka ga wannan?" Ya juya feda baya, tayar ta yi ƙara tik-tik-tik. "Firiwil ke nan. Shi ke barin taya ta yi ta gudu ƙafarka na hutawa. Na ogan naku ba shi da shi, in taya na juyawa feda na juyawa. To mu me zai sa mu sayi wani abu? In ɗiga masa walda huɗu ya mutu, shi ke nan."

"Ba zai ɓaci ba?"

"Yaya, ɓata shi ai shi ne aikin."

Aka fara tuɓe keke. Giyar baya ta fita, ta gaba ta bi ta, da wayoyinsu. Marfin taya, fitila, madubi, ƙararrawa. Da aka zo kan kariya Masinja ya riƙe hannun Ba-Matsala. A kan kariyar nan ya kai 'ya'yansa huɗu makaranta ɗaya bayan ɗaya, kuma a kanta yake ɗaure bututun takardu.

"Na oga yana da kariya?" in ji Ba-Matsala.

"Babu."

"To."

Kariya ta fita. Kusoshinta sun yi tsatsa, sai da aka yanke su. Abin ya sosa wa Masinja rai ƙwarai, ya juya yana kallon titi har aka gama.

Haƙoran baya jeri biyar ne, daga babba zuwa ƙarami, dole a zaɓi ɗaya. Masinja ya nuna na tsakiya, wanda ƙafarsa ta saba da shi. Ba-Matsala ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Na tsofaffi ke nan. Ƙaramin shi ne mai gudu. Kana so oga ya ce kai mai sanyin jiki ne?"

Aka bar ƙaramin. Sauran huɗun ya cinye su da injin gurza ƙarfe don kada su ɓata tsari, tartsatsi na tashi har kan wandon Masinja. Ya rage sarƙa da ƙusa da guduma, ya ja tayar baya har sarƙar ta miƙe, ya ɗaure. Sannan ya rufe fuska da gilashinsa ya ɗiga walda huɗu, ya ƙara biyu na ihsani. Man da ke ciki ya ƙone, rumfa ta cika da hayaƙi. Ya kawo hannu zai cire birki duka biyun, Masinja ya ce a bar na gaba.

"Na oga ba shi da birki."

"Yayarka ta ce in na dawo ba birki, kai za ta zo ta samu."

Aka bar na gaba. Fenti kuwa, akwai ragowar jan nan da ake fara shafa wa ƙofofi saboda tsatsa, aka shafe keken da shi tun daga kai har gindi. Ladan aiki, Ba-Matsala ya ce haba, tsakaninsu ba kuɗi, a bar masa tarkacen kawai. Kafin fenti ya bushe mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya auna su ya tafi da su.

Gwajin farko a bayan rumfa aka yi. Masinja ya hau, ya danna feda, ya ji kamar an ɗaura masa buhun siminti. Da ƙyar keken ya motsa, sannan ya ɗauki gudu. Da ya zo kwana ya yi abin da ƙafarsa ta yi shekara arba'in tana yi, wato ya tsayar da ita don ya huta. Feda ba ta san da wannan yarjejeniya ba. Ta ɗago shi daga kan sirdi ta ajiye shi a kan tarin yashin masu bulo.

Ba-Matsala ya iso da gudu, ya wuce shi, ya ɗaga keken ya duba.

"Alhamdu lillahi! Yaya, waldar ta kama."

Makon da ya biyo baya Masinja ya ga duniya. Tsakanin kamfani da ofishin filaye akwai wani tudu. A da yakan hau shi a hankali da babban haƙori, in ya dawo kuma ya saki keke ya gangara, ƙafa a tsaye, iska na shiga rigarsa. Wannan gangaren shi ne kaɗai hutunsa a yini. Yanzu hawa sai dai ya sauka ya tura, gangara kuwa ƙafafunsa su yi ta juyi kamar na tela ran da aiki ya yi yawa, yana matse birkin gaba yana salati. Sarƙa ta ci ƙafar wandonsa biyu kafin ya koyi ɗaure ta da roba. Ran Laraba aka yi ruwa, ya iso banki da layin caɓi tun daga ƙugu har ƙeya, mai gadi ya ce ya tsaya a waje. Bututun takardu, da ba kariya, ya rataya shi a baya da igiya, in ya juya ya bugi mai tafiya, in ya ba da haƙuri ya juyo ya bugi wani. Ba ƙararrawa, sai ya koma ihu. Sau biyu yana isa ofishin filaye bayan an rufe tagar karɓar takardu, abin da bai taɓa faruwa ba.

Da yamma matarsa ta gasa masa gwiwa da ruwan zafi.

Duk wannan mai sauƙi ne, domin wahalar da aka gani ba asara ba ce. Matsalar ita ce ba a gani ba. Ya daina ajiye keken a bayan matakala, ya koma jingine shi a bangon gaba, kusa da tukunyar fulawa. Sakatariya ta gan shi ran farko, ta fito har waje, abin da ba ta saba ba.

"Baba, me ka yi wa kekenka?"

"Zamani, 'yata."

"Don girman Allah ka mayar da shi baya."

"Me ya sa?"

Ta buɗe baki, ta dubi tagar sama, ta rufe. "Ni dai na ce ka mayar."

Ya yi murmushi irin na wanda ya gano hassada. A ransa ya ce har ita ma, yarinyar da shi ya nuna mata inda ake kunna fitila ranar da ta fara aiki.

Ɗan Gado kuwa kullum da waya a kunne yake shigowa, kekensa a kafaɗa, ido a sama. Ya wuce ran Litinin, ya wuce ran Talata. Masinja ya riƙa matso da keken taki ɗaya kowace safiya, har ran Alhamis, saura kwana ɗaya wata ya ƙare, tayar gaba ta tare rabin ƙofa.

Ɗan Gado ya yi karo da ita. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tsaya. Ya kashe wayar. Ya ajiye nasa keken a ƙasa, a ƙasa fa, ya tsuguna.

"Kai! Kai, kai, kai. Wa ya yi wannan?"

Ya shafa dunƙulen waldar da yatsa kamar mai duba zinariya. Ya juya feda gaba, ya juya baya, taya ta bi. Ya ɗauki hoto ta gefe, ta sama, ta ƙasa. Ya ce jan fentin nan, a inda ya yi karatu, kuɗi ake biya a yi wa mutum irinsa. Ya sa aka kira kowa. Akawu ya fito da kofin shayinsa, Kashiya da gemunsa, Direba da tsumman wanke mota, Sakatariya a ƙarshe, tana tafiya kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa.

"Kun gani? Wannan shi ne abin da nake ta faɗa muku. A cire duk abin da ba dole ba. Na wane ne?"

Masinja ya fito daga bayan tukunyar fulawa, inda ya yi kwana huɗu yana jiran wannan tambaya. Ya rusuna, gwiwa ta yi ƙara.

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Naka? Kai kake hawansa? A shekarunka?" Ɗan Gado ya kama hannunsa ya girgiza. "Ba ni in ɗana."

Ya hau ya zaga harabar sau biyu, ya danne feda tayar baya ta ja ƙasa ta tsaya cak. Aka yi tafi. Masinja ya ji hawaye na neman zubo masa. Duk ciwon gwiwar nan ya tafi, ya ga autarsa cikin fararen kaya, ya ga fuskar matarsa idan ya ba ta labari.

Ɗan Gado ya sauko yana haki yana dariya. "Baba, ka burge ni. A nan kusa kake aiki?"

"A nan nake, Yallaɓai."

"Nan ina?"

"Nan. Kamfanin nan."

"Wannan namu?" Dariyar ta ragu. "Me kake yi mana?"

"Ni ne masinja, ranka ya daɗe. Tun zamanin Maigida."

Ɗan Gado ya juya ya dubi Sakatariya. "Muna da masinja?"

Sakatariya ta dubi takalminta.

"Har yanzu da hannu muke kai takardu?"

"Yallaɓai, ofishin filaye ba sa karɓa sai da hatimi a kan takarda," in ji ta a hankali. "Banki ma haka. Baba ya san kowa a can, shi ya sa namu ba ya kwana."

"To, a kai. Amma ga mota nan a zaune, ga direba a zaune."

"Zan iya, Yallaɓai!" Direba ya faɗa tun kafin a rufe baki, har tsumman ya faɗi daga hannunsa. "Wallahi zan iya. Dama ina ta tunanin in ce."

Ɗan Gado ya gyaɗa kai a hankali, irin na mai gyara lissafi a zuci. Sannan fuskarsa ta sake washewa, ya dafa kafaɗar Masinja.

"Baba, ba ni lambar mai waldar nan. Akwai abokaina uku da za su so irin wannan."

Masinja ya karanto masa lambar daga ka, bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Ran Juma'a da safe Sakatariya ba ta leƙo ta taga ba. Aikowa ta yi ya shigo ofishinta, ta rufe ƙofa, ta ce ya zauna. Ya ce ya gode, ya tsaya. A kan teburinta ambulan uku ne, na sama da sunansa.

"Baba," ta ce, idonta ya yi ja, "sunanka ba ya cikin ukun. Na Direba ne. Jiya da rana aka canja."

Ta ci gaba.

"Ranar da Yallaɓai ya hau kujerar ya ce in ba shi sunayen ma'aikata. Na sa ka a shafi na biyu kai kaɗai, domin na lura ba ya juya shafi. Wata huɗu ina ɓoye ka. Bai san da kai ba, Baba. Ko da ya shekara goma a nan, ba zai sani ba."

Masinja ya so ya ce me ya sa ba ta faɗa masa ba, sai ya tuna ta faɗa. Kunya ta rufe shi har ta fi baƙin cikin yawa. Ya miƙa hannu ya ɗauki ambulan ɗin, ya karanta sunan da ke kai a hankali, ya juya ya duba ko an manne bakin da kyau.

Ƙa'idar kamfani ce duk takardar da ta fita daga ofishin nan a shigar da ita littafin saƙo. Sakatariya ta buɗe littafin ta juyo masa, ta ba shi biro. Ya sa hannu a gurbin wanda ya kai. Zai ajiye biron, sai ta ɗora yatsa a gurbi na gaba, na wanda ya karɓa, ta kau da kai.

Ya sa hannu a nan ma. Sannan ya ɗaga kai ya duba agogon bango, ya rubuta tara da minti goma.